Bel Biyu a Bayan Jif

"Danne shi a ƙasa sosai, Tela, kar ya motsa."

Ina durƙushe a falon maƙwabcina, na danne bakin tef ɗin awona a siminti. Shi kuma yana tsaye a kaina yana huci, yana jan tef ɗin zuwa wani ɗan layin fensir a jikin bango. Layukan biyu ne, ɗaya a saman ɗaya. Tsawon jikokinsa mata ne guda biyu, ya zana shi ranar zuwansu gidan na ƙarshe, shekara uku da suka wuce.

"To, ke ce gwanar awo," in ji shi. "Yarinya mai wannan tsawon, in ta zauna a kujera, ina kafaɗarta za ta kai?"

Na lissafa na faɗa masa, na babbar da na ƙaramar, ya rubuta a bayan kwalin magani.

"Amma Baba," na ce, "yara fa ba kujeru ba ne, da za ka ajiye ka dawo ka tarar da su yadda ka bari. Wannan awon ya tsufa."

"Na sani. Zan ƙara yatsa biyu."

"Yatsa biyu? A shekara uku?"

"Uwarsu ba doguwa ba ce, ubansu ma haka. Daga ina za su samo tsawo?"

Shekara ashirin ina ɗinka kayan yara. Na san rigar bara ma ba ta shiga bana, balle ta shekara uku. Amma na ɗaga kai na ga yadda ya riƙe kwalin nan, sai na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun har yau yana cina.

Mai Jif ake kiransa a layinmu, manya da yara. Ya yi shekaru yana tuƙa masu haƙa rijiyoyi zuwa wuraren da babu hanya, da ya ajiye aiki sai ya sayi irin motar da ya saba da ita, tsohuwar jif mai dogayen tayoyi, bayanta da ƙarafa kamar keji. Da ita yake zuwa gonarsa ta bayan rafi. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsu ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya a wani babban asibiti, tafiyar awa uku daga nan.

Da, duk hutun makaranta tana kawo masa yaran. Sai wata rana ya ɗauke su zuwa gona. Bel ɗin bayan motar na manya ne, in an ja shi a wuya yake bin yaran, don haka suka zare hannu suka tura shi bayansu, shi kuma bai hana ba. Taya ta faɗa rami, ƙaramar ta tashi sama ta daki ƙarfen kujerar gaba da goshi. Shekararta huɗu a lokacin. Ɗinki shida aka yi mata.

Ina bakin ƙofata ranar da uwar ta zo ta kwashe su. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Cewa ta yi, "Baba, ba za su ƙara zuwa ba sai ka gyara bel ɗin bayan nan, don na san in sun zo sai ka saka su a ciki."

Shi kuma da taurin kai irin na tsofaffin direbobi ya ce shekara talatin yana tuƙi bai taɓa kashe ko kaza ba, ba 'yar da ya goya ce za ta koya masa mota ba. Haka suka ja daga. Waya suna yi, gaisuwa sama-sama, amma yaran ko ƙeyarsu bai ƙara gani ba.

Ciwo ne ya karya shi. Ƙafafunsa suka fara kumburi, numfashi ya riƙa gagararsa, daga ƙofa zuwa mota sai ya tsaya ya huta. Ni na raka shi asibiti, ni na ji abin da likita ya faɗa kan zuciyarsa, ba kuma magana mai daɗi ba ce. A hanyar dawowa ya ce, "Tela, kar ki gaya wa yarinyar nan."

"Haba Baba! 'Yarka ce fa, kuma aikinta ke nan."

"In ta ji, don tausayi za ta kawo su, ta zaunar da su a bakin gado suna kallona. Ni so nake ta kawo su don na gyara abin da ta ce. In kai su gona sau ɗaya, su ga mangwaron da suka shuka ya fi su tsawo. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Wawiya!

Washegarin awon nan ya je wajen masu kayan mota ya sayo bel sababbi guda biyu. Na ce ya kawo tsofaffin in rage su a keken ɗinki, ai minti biyar ne. Ya harare ni kamar na zage shi.

"Bel ba zani ba ne. Duk bel ɗin da aka yanka aka ɗinke, ranar da ake buƙatarsa a wajen ɗinkin zai tsinke. Ba bel ɗin ake ragewa ba, inda yake rataye ake saukowa da shi."

Ya nuna mini. A jikin ƙarfen gefen motar akwai inda bel ke fitowa, daidai kafaɗar babban mutum. Shi yake so ya sauko da shi daidai kafaɗar kowace yarinya, ta yadda zai bi ta kan ƙashin kafaɗa ya ratsa ƙirji, ba wuya ba. Ya ɗauki allina na ɗinki ya yi alama biyu, ta dama ta babbar, ta hagu ta ƙaramar, kowace da ƙarin yatsa biyunta.

Mai waldan bakin titi ya zo da injinsa. Ya duba alamun, ya sosa kai.

"Baba, bari in sa faranti mai huji uku, a ɗaure da noti. In sun girma sai a kwance a matsar sama."

"Noti? A hanyar gonata? Ka taɓa bin ta? Hanyar da ke kwance haƙorin mutum ce za ta bar maka noti? Liƙe shi za ka yi, liƙi na har abada."

"In na liƙe fa ba ya matsawa, sai dai a yanke ƙarfen."

"Abin da nake so ke nan, kar ya matsa."

Mai walda ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ya liƙe.

Sauran aikin shi ya yi da hannunsa, kwana tara. Aikin da lafiyayye zai gama kafin azahar. Ya ɗaura noti ɗaya na ƙasan kujera, ya zauna a kan bokiti yana haki, ya tashi ya ɗaura na biyu. Ya goge bakin waldar da sanfefa don kar ta yagi hannun yaro, ya shafa fenti. Ƙarfen kujerar gaba, wanda ya fasa goshin, ya naɗe shi da soso. Ni dai abin da ya yarda in ɗinka ɗan hannun riga ne mai laushi da za a zura wa kowane bel don kar ya goge musu fata, kore na babbar, rawaya na ƙaramar.

Rana ta shida na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da taya, leɓɓansa sun yi baƙi. Raina ya ɓaci.

"Baba, wallahi kashe kanka za ka yi a kan ƙarfe. Ka kira ta mana ta aiko maka da awonsu ko a waya ne."

"Na kira. Ta ce tana wajen aiki, za ta kira ni."

"Ta kira?"

"Miƙo mini sufana mai lamba goma sha bakwai."

Ran Alhamis ya gama. Ya sa ni na zauna a baya na riƙe bel ɗin, ya ce in fizge shi da ƙarfi. Na fizga, ya ƙame ƙam. Ya yi dariya har da tari.

"Amaryata ta samu wurin zama," in ji shi. Haka yake tsokanar ƙaramar. "Ita kuma babbar sarkin surutu, ta zauna nan ta cika mini kunne."

A gabana ya kira 'yar tasa. Ina jin muryarta daga wayar. Ta ce, "To Baba, sannu da ƙoƙari. Wannan Asabar ɗin ina da aiki. Sai dai ta sama, in Allah ya yarda."

"Ba komai," ya ce. "Ta saman ma ta yi."

Ya wanke motar ran Juma'a. Ya sake wanke ta ran Litinin, alhali ko ƙofar gida ba ta fita ba.

Ran Talata da safe na kai masa shayi. Na yi sallama sau uku. Ƙofar falon a buɗe take, rediyo yana ta magana shi kaɗai. Yana zaune a kujerarsa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu, kansa ya langaɓe gefe. Na ajiye kofin a ƙasa don kar ya zube, abin da na fara yi ke nan, ban san dalili ba. Hannunsa ya riga ya yi sanyi.

Na kira 'yar tasa ƙarfe takwas. Kafin sha biyu tana gidan, da yaran duka. Hanyar da ta gagara shekara uku, ashe awa uku ce. Na ji haushinta a ranar kamar in shaƙe ta, ba zan ɓoye ba.

Bayan an kai shi, mutane sun ragu, ta same ni a kicin ina wanke kofuna. A hannunta akwai kwalayen maganinsa. Ta san kowanne, ta san kuma me ake sha dominsa.

"Inna, tun yaushe?"

"Wata huɗu."

"Kin sani?"

"Ni na kai shi asibiti."

"Kika yi shiru?"

"Shi ya hana. Ke kuma fa? Shekara uku! Don goshi ya fashe sai a yanke wa tsoho jikokinsa? Ya kira ki kan awo kawai, awo, kin kasa kira."

Ta ajiye kwalayen a hankali. "Ni na riƙe kan ƙaramar ana ɗinkin nan, Inna. Kullum irinsu ake kawo mini daga kan hanya, wasu ba ɗinki ake musu ba, rufe su ake yi. Kalma ɗaya nake jira ya ce, ya yi kuskure. Bai taɓa faɗa ba. Da kin ɗaga waya kin ce ba shi da lafiya, da a ranar zan zo."

Gaskiyarta ce. Na so ƙwarai ya zama laifinta ita kaɗai, amma bai yiwu ba.

"Ya faɗa," na ce da ƙyar. "Da ƙarfe ya faɗa. Je ki duba motar."

Muka fita tsakar gida. Yaran na tsaye jikin jif ɗin suna leƙe ta taga. Sai a lokacin na ƙare musu kallo da idon tela. Babbar ta kusa kamo kafaɗar uwarta.

Uwar ta buɗe ƙofar baya. Ta daɗe tana duban waldar, ta shafa ta da yatsa, ta taɓa soson da ke kan ƙarfen gaba. Ta kama bel ta fizga, ya ƙame.

"Ku shiga," ta ce.

Na nuna wa kowace wurinta. Babbar ta zauna a dama. Uwar ta jawo koren bel ɗin, sai ga shi yana fitowa daga ƙasan kafaɗar yarinyar, wajen yatsa huɗu, yana hawowa yana danne ta ƙasa.

"Mama, yana matse ni."

Ƙaramar ma haka, rawayan ya tsaya mata a damtse. Ta yi dariya, tabon goshinta ya motsa. "Wannan ai na jarirai ne."

Uwar ta nemi inda ake matsar da shi sama. Ta duba gaba, ta duba baya, babu noti, babu huji. Ta juyo ta dube ni.

"Da wane awo ya yi?"

"Na jikin bango."

Ta kwance su duka biyun, ta fito da babbar, ta ce wa ƙaramar ta matsa dama. Ta jawo koren ta ɗaura mata. Ya bi ta kan ƙashin kafaɗa, ya ratsa ƙirji, ya zauna cas, ko kusa da wuya bai je ba.

"Ya yi mini!" in ji ƙaramar. "Mama, yaushe za mu je gonar?"

Babbar tana tsaye a waje, ta riƙe murfin ƙofa. "To ni ina nawa?"

Uwar ta zagaya ɗaya gefen, ta shiga ta zauna a hagu, wurin da aka yi wa yarinya 'yar shekara huɗu. Ta jawo rawayan bel ɗin ta ɗora a cinyarta, tana gyara masa ɗan hannun rigar da ya murɗe. Ƙaramar tana ta kaɗa ƙafa a gefenta, tana jiran a tayar da mota.