Kalmar Halilu a Bakin Béatrice

…kuma sai yau Juma'a, da maza suka watse masallaci, likita ya kulle kansa a ɗakin tiyata da abokiyar aikinta Kausar — sai yau Halilu zai tashi mutuwa? Béatrice tana tsaye a kansa, ita kaɗai ce malamar asibiti a ɗakin sojoji masu rauni. Ƙarin ruwa na ɗiga, ɗigar banza. Ƙafafunsa sun yi sanyi. Tun da aka kwaso shi daga dajin bakin iyaka da harsashi a ciki ba ta yaudari kanta ba.

"Madan… hwaɗa mini kalma in bi ki. Ta ɓace mini."

Kalmar shahada. A bakinta? Ita da gicciye ke lilo a wuyanta tun ranar baftisma…

Ba rashin sani ba ne. Wa ya tashi a Dogon Dutsi bai haddace ta ba? Ta taga take shigowa, asuba da magariba, ko kana so ko ba ka so. Amma ai kowa ya sani: wanda ya furta ya shiga Musulunci. Kausar har gida za ta kawo mata hijabi, yarinyar nan ba ta gajiya da wa'azi. Innarta kuwa — Inna da dangi suka ɗauke wa ƙafa saboda coci. Inna zaune a tsakar gida ranar Kirsimeti, kwanon shinkafar da ta aika wa ƙanenta ya dawo ko buɗewa ba a yi ba…

Ta leƙa baranda. Ba kowa, sai rana tana dukan kwanon rufi. Na gadon kusa allurar barci ta yi gaba da shi. Wa za ta kira? Tsoro take ji ƙwarai.

Ta tura gadon ya fuskanci gabas. Wannan mai sauƙi ne, aikin hannu ne. Baki fa?

Ya damƙe yatsunta. Yaro ne, ko gemun kirki bai tara ba.

Yesu, ka ga zuciyata — aro ne, aro kawai…

Ta sunkuya daidai kunnensa. Tana faɗa, yana bi, gaɓa-gaɓa, kamar mai koyon magana. Leɓɓansa na motsi… suna motsi… A ina suka tsaya? Ba ta sani ba. Muryarta kawai ta ji ta kai ƙarshe, ita kaɗai, a ɗakin da ba mai shaida.

Gobe uwarsa za ta sauka daga motar Kore Mairuwa da tambaya ɗaya tak: ya cika da kalma? Wa ya laƙanta masa? In ta ce ita ce, kafin la'asar magana ta kai coci, ta kai kunnen Inna. In ta yi shiru, tsohuwa ta koma gida da ɗa wanda ya mutu baki wofi.

Ga takun masu dawowa daga masallaci. Har yanzu ba ta zare yatsunta daga hannunsa ba.