Waƙar Marta a Coci

Rifkatu, Uwar Zumuntar Mata, ita ta fitar da matata daga coci ran Lahadi, ana tsakiyar addu'a. Ta kama hannu ɗaya, matar Katikis, malamin cocinmu, ta kama ɗayan. Ina zaune a ɓangaren maza ina kallo.

Sunana Arzika. Bitrus aka sa mini ran baftisma, amma ba mai kirana da shi sai Fada, limamin cocinmu. Ƙauyenmu yana bayan Kiyawa. Iyayenmu Maguzawa ne. Ni da matata Marta muna cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma a nan, tun coci tana rumfar kara.

Laifinta waƙa ce. Tsufa ya taɓa mata kai. Ta fara da manta inda ta ajiye muciya, ta zo ta manta sunayen jikoki. Daga baya ta manta addu'ar Ubangiji, wadda ita ta koya wa rabin matan garin nan. Abin da ya rage mata waƙoƙin uwarta ne, na bakin dutsen niƙa, waɗanda ake kiran sunan Doguwa da sauran iskoki a ciki. Ran nan Katikis Luka ya ce a yi shiru kowa ya tuna zunubinsa, sai ta ɗaga murya ta rera ɗaya. Muryarta ba ta tsufa ba. Har bakin rijiya an ji.

Mu nan kowace rana da aikinta. Talata matan Zumunta su taru suna waƙa da kiɗan tulu da caki. Alhamis a zaga marasa lafiya. Asabar a share coci. Lahadi Katikis ya ja addu'a, don Fada sau ɗaya a wata yake zuwa daga Dutse. Marta ba ta taɓa fashin ko ɗaya ba sai da haihuwa ko mutuwa.

A taron Talatar da ta biyo baya suka yanke cewa ta koma tsafi. Alhamis ina gona suka shiga ɗakinta. Suka yayyafa ruwa mai tsarki, suka ɗauki tsohon ƙoƙon uwarta da take zuba wake a ciki, suka ƙona shi a tsakar gidana. Na dawo na tarar da ita tana tsince wake daga ƙasa.

Na je wurin Luka.

“Wa ya ba su izinin shiga gidana?”

“Baba, a yi haƙuri. Mata ne, tsoro suka ji. A bar Inna ta huta a gida tukuna. Yara na firgita.”

“Waɗanne yara? Waɗanda ta yanke wa cibiya? Kai ma ita ta yanke taka.”

Ya sunkuyar da kai yana gyara agogo.

Da Fada ya zo, yaro ne amma yana da hankali, ya shigo ya zauna da ita a tabarma. Ya faɗa a coci cewa ciwon tsufa ne, ba iska ba ce, ba tsafi ba ne. Suka ce to, Fada. Ya shiga mota ya koma Dutse. Alhamis ta zagayo, suka wuce ta ƙofar gidana da waƙarsu zuwa gidan wani mai ciwon ƙafa. Haka ta gaba, haka ta gabanta.

Idan zan tafi gona, Ikilima matar maƙwabcina Misbahu ke zama da ita. Musulma ce. Na tambaye ta ko waƙar ba ta damunta. Ta ce, “Baba, kakata ma haka ta yi kafin ta rasu. Ni dai kada ta kusanci murhu.”

Talata ce ranar da na fi ƙi. Da ta ji tulu daga coci sai ta miƙe tana neman ɗankwali. Sai in ce mata ba yau ba ne. Ta ce to, ta zauna. Jim kaɗan ta sake miƙewa. Ni da ban iya ƙarya ba, a kanta na koya.

Ban daina zuwa coci ba. Ba don su nake zuwa ba. Nakan zauna a bencina, in an tashi in tashi, ba na tsayawa gaisuwa.

Bayan kaka aka gama sabon ginin coci na bulo da kwano. Aka ce Fada Markus zai zo daga Kano ya sa albarka. Shi ne Fada na farko da ya fara zuwar mana, yana saurayi a kan babur. Tuwon Marta ya ci. Da zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin sorona, ita ta yi jinyarsa. Yanzu ya tsufa, ya zama babba.

Ana saura kwana kaɗan sai ga sallama da hantsi. Rifkatu ce da Luka. Tana riƙe da sabon zanen Zumunta a leda.

Marta ta gan su ta washe baki. “Baƙi! Maraba, maraba. A kawo tabarma.” Ta rasa wa za ta aika, sai ta tashi da kanta ta jawo buhu ta shimfiɗa musu.

Rifkatu ta durƙusa. “Inna, ina kwana? Kin gane ni?”

“Na gane ki mana. Ke ce mai sayar da daddawa.”

Luka ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

“Baba,” in ji shi, “Fada Markus ya bugo waya. Ya ce kafin komai yana son ya ga Inna Marta a kujerar gaba. Ya ce ita za ta riƙe masa ruwa mai tsarki.”

“Kun faɗa masa kun kore ta?”

“Haba Baba, wa ya kore ta?” in ji Rifkatu. “Hutu aka ba ta. Ga zanenta ma, mu muka ɗinka. Kullum tana cikin addu'armu.”

“Addu'ar taku ba ta san hanyar gidan nan ba?”

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar takarda a ƙulle. Ƙwaya ce fara, guda biyu.

“Daga kemis na Kiyawa. Ba ta da illa, Baba. A ba ta da kunu da safe. Jikinta zai yi sanyi, ta zauna lafiya har a tashi. Mu za mu riƙe ta, ɗaya nan ɗaya nan.”

“Kun iya riƙe ta. Na gani.”

“Baba, akwai baƙi. Daga Kano, daga Dutse, har da masu ɗaukar hoto. In ta yi waƙar nan a gabansu, me za a ce da mu?”

Marta ta jawo ledar, ta zaro zanen tana shafawa. Ta ɗora shi a kafaɗa. Ta dube ni. “Yau Talata ce?”

Tana son zuwa, na sani. Ko ta manta kowa, ƙafarta ba ta manta hanyar cocin nan ba.

Na ce, “Zan kawo ta da kaina. Ta zauna kusa da ni yadda take. In ta yi waƙa ta yi, ba mai taɓa ta.”

Suka dubi juna.

“Ko kuwa ku kawo Fada Markus nan. Ya san ɗakin, ya kwana a ciki.”

“Lokacinsa a ƙure yake, Baba,” in ji Luka. “Ana gama cin abinci zai juya. Ƙwaya biyu ce kawai. Don Allah, saboda coci.”

Rifkatu ta miƙo mini takardar da hannu biyu. Na bar hannunta a miƙe.

“Mayar da abinki. Ba za ta sha ba.”