Gangaren Toyozo

"Ɗaga ni mana, Masaji. Ka tsaya min a ka kamar mai jiran gado," in ji Toyozo.

Gadon kuwa nake jira. Na tallafo shi na jingina shi da matashi. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya, ciwon huhu ya cinye shi sai ƙashi. Matarsa Fumie ta ajiye mana shayi ta fita.

Tun da muka yi ritaya muke aikin sa kai a dajin gwamnati na bayan gari. Kowa da gangarensa, ya sassabe, ya kwashe busassun ganye don rana ta kai ƙasa. Da ƙanƙara ta narke sai nasa ya cika da furen katakuri, masu kyamara su yi ta zuwa har daga birnin Sendai. Ni da nake riga shi fita, na fi shi zufa, nawa sai ciyawa da sawun barewa. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba. So nake ko sau ɗaya a ce gangaren Masaji.

"Na gaya wa shugaban ƙungiyarmu ta sa kai, kai za a ba gangarena," ya ce.

"Wa ya ce ina so?"

"Idonka. Shekara nawa kana hararar furena?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

"To faɗa min sirrin."

"Babu, tsoho. Ƙasar ce mai kyau. Ni ma tsintar ta na yi."

Wannan ya fi komai ƙona min rai. Da ma fina iyawa ya yi, da na haƙura.

Ya rasu kafin ganye ya gama zuba. Na yi kuka na gaske, kada wani ya ce ban yi ba. Na kama gangaren na yi masa aikin da bai taɓa gani ba, da ƙanƙara ta narke kuma furen ya fito ba masaka tsinke.

Ranar Lahadi na sa sabuwar hula, na tsaya a bakin furen da manjagarata. Wata mata ta hawo da kyamara tana haki.

"Nan ne gangaren Toyozo?"

"Ni nake kula da shi yanzu."

"Ayya, sannu. Baba, ɗan matsa gefe, kana shiga hoton."

Na matsa bayan wata bishiya. Hannun manjagarar ya leƙo, sai na janyo shi jikina.