Bindigar Ranar Talata

Shekara goma sha ɗaya Odessa Pruitt ta yi tana kai wa tsofaffi abinci a gidajen da ke warwatse bayan tsauni, kowace Talata da Juma'a. Matan coci su dafa wake da kaza da burodin masara, ita kuma ta loda a tsohuwar a-kori-kurarta ta bi hanyar tsakuwa, gida tara. Ita kanta shekarunta sittin da takwas, amma in ta ce "tsofaffina" ba ta sa kanta a ciki.

Gida na ƙarshe shi ne na Hollis Yandell, wanda idanunsa suka kusa tafiya. Shi kaɗai yake zaune, sai wata agwagwa da ta tashi cikin kaji, ta ɗauka ita ma kaza ce, kullum tana hawa reshe tana faɗowa. In Odessa ba ta je ba, Hollis yakan yi mako bai ji muryar mutum ba sai ta rediyo.

A ƙofar gidansa karnuka suka tare ta. Irin waɗanda mutanen birni ke kawowa su yar a bakin hanya ne, su haɗu su zama na daji. Ta fito daga mota riƙe da kwando, ba ta ankara ba wani ja ya cafke ta a sha-raɓa. Da kwandon ta yi ta jibgarsa har ya saki. Ɗinki goma sha huɗu aka yi mata a asibiti.

Washegari ɗanta Dwight ya iso daga birnin Tulsa, ko jakarsa bai ajiye ba ya fara.

"Mama, wannan yawon ya ƙare."

"Sannu da zuwa. Ka ci abinci?"

"Kada ki kawar da maganar. Na riga na yi magana da matan coci. Ba za su ƙara loda miki kwano ko ɗaya ba sai na ce to."

"Iye! Yaushe ka zama ubana? Ni na yi maka wanka a cikin kwanon wanke-wanke, ɗan nema."

Suka yi ta yi har shayinsu ya huce. A ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: in ta sami takardar izini, kuma ta sami bindigar da za ta iya harbawa ta sami abin da ta nufa, za ta koma hanyarta. Kuma dole bindigar ta zauna a jikinta ba tare da kowa ya gani ba, domin a cikin tsofaffinta akwai waɗanda hankalinsu ya fara yawo. Akwai wata Opal da duk abin da ta gani sai ta ɗauke ta tura cikin garwar fulawa. An taɓa samun tabarau ɗin fasto a ciki, da agogon bango.

Dwight ba mugun yaro ba ne. Da yamma ya fita ya dawo da ɗan akwati. A ciki akwai 'yar ƙaramar bindiga, irin mai tukunya mai juyawa, ba ta fi sabulun wanka nauyi ba.

"Irinta mata suke so," in ji shi. "Ga ta 'yar ƙarama, daidai hannunki."

Suka je bayan rumbu ya kafa bokiti. Odessa ta riƙe da hannun dama, ta sa yatsa a kunama ta ja. Shiru. Amosani ya daɗe da lanƙwasa mata yatsun wannan hannun, kunamar kuwa tauri gare ta kamar ƙofar da ta sha damina. Ta sa yatsu biyu. Bindigar ta tashi, ta yi shuri ta tsaga mata fatar babban yatsa. Sau biyar ta harba, bokitin yana zaune lafiya lau.

Dwight ya karɓi bindigar ya ajiye. Ya ɗaure mata yatsan da hankici, a hankali, kuma wannan tausayin ya fi mata zafi a kan yankan. Da zai tafi ya ce akwai ɗaki a gidansa mai taga biyu, zai dawo su yi magana.

Sauran matan suka raba gidajen da ke kusa da titi a tsakaninsu. Amma gidaje huɗu na can ciki, har da na Hollis, ba wadda motarta za ta iya hanyarsu. Mai kai wasiƙa ne yake ajiye musu abincin gwangwani a bakin hanya.

Ranar Litinin Odessa ta shirya zuwa kantin Wanda Crabtree, mai sayar da bindigogi da kayan kamun kifi a bakin gada. A wajensu ba a zuwa banki, ko wurin likita, ko sayen wani abu mai girma da kayan gida. Saboda haka ta sa shuɗiyar rigarta ta Lahadi, da hula mai fure, da takalmi mai tsini.

Wanda doguwa ce, ta ba saba'in baya, kullum da tsinken sakace a baki. A saman kantarta akwai busasshen ɗan maraƙi mai kai biyu da aka haifa a gonar mahaifinta, kai ɗaya yana kallon ƙofa, ɗaya yana kallon akwatin kuɗi. Ta dubi Odessa daga hula har takalmi.

"Wa ya mutu, 'yar'uwa?"

"Ba kowa. Bindiga na zo saya."

"To ki koma gida."

"Me kika ce?"

"Da wannan rigar za ki je wurin karnukan? Ai duk garin nan mun ji labari. Ni ba na sayar wa mutum bindigar ɗauka yana cikin kayan biki. Sai ya zaɓi wadda ta dace da kayan biki, ya je gida ya jefa ta a aljihun tebur. Ki dawo gobe da kayan Talatarki, da motarki, da duk tarkacen da kike riƙewa."

"Mil ashirin na yi, Wanda."

"Gobe ya zama sittin kafin ki iso. Hular dai ta yi kyau."

Odessa ta fita tana huci. A hanya ta rantse ba za ta dawo ba. Amma da ta iso mararrabar da ke nufar gidan Hollis, ta rage gudu, ta daɗe tana kallon hanyar.

Da safe ta dawo cikin wandon aiki da faffaɗar rigar marigayi mijinta, da takalmin roba, da kwandon da har yanzu akwai shaidar haƙori a gefensa. Wanda ba ta bar ta ta shiga kanti ba. Ta jawo kujera ta zauna a inuwa.

"Ki ɗauka nan ne gidan Hollis. Koma cikin mota ki fito yadda kika saba."

"Wasan yara za mu yi?"

"Fito dai."

Odessa ta fito. Ta rataya kwando a hannun dama, ta tura ƙofar mota, ta jefa makulli a aljihu, ta taka zuwa ƙofar kanti ta ƙwanƙwasa.

"Sake."

Ta sake, tana gunaguni. A karo na uku Wanda ta cire tsinken daga bakinta.

"Tun yaushe kike ɓoye cewa ke bahaguwa ce?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Da dama nake rubutu, da dama nake yanka albasa."

"Da hagu kika rufe mota. Aljihun hagu kika sa makulli. Da hagu kika ƙwanƙwasa, da hagu kika kori ƙuda. Hannun damanki maratayi ne kawai."

Odessa ta buɗe baki za ta musa, sai ta tuna. Wani ɗakin aji ya dawo mata, mai warin alli da gawayi. Tana shekara shida, Malama Hatcher ta ɗaure mata hannun hagu a jikin kujera da tsohuwar safa, kullum, tun daga farkon kaka har dusar ƙanƙara ta narke. A lokacin haka ake yi, iyaye har godiya suke yi. Ta daɗe da mantawa, ko Dwight bai taɓa ji ba.

Ta ɗaga hannuwanta biyu ta dube su kamar na wata. Na dama ya yi shekara sittin yana riƙe alƙalami da wuƙa da allura, yana tatsar shanu, duk gaɓoɓinsa sun kumbura. Na hagu kuwa yatsunsa a miƙe, an bar shi yana 'yan ƙananan aike-aike kamar ɗan auta.

"Kai, ɗan hutu," ta ce masa. "Ashe kana nan."

Wanda ta kai ta filin harbi da ke bayan kanti, inda aka tara ƙasa ta yi tudu. Ta jera bindigogi biyar a kan tebur, ta nuna mata ba harsashi a ko ɗaya, ta ce ta ɗauki kowace da hagu.

Odessa ta fiddo kyautar Dwight daga akwatinta. "Ɗana ya ce ƙarama ita ce ta mata."

"Duk ɗan da ke ƙaunar uwarsa irinta yake saya mata. Ina da su cike da aljihun tebur, an dawo da su. Ƙarama ai ba ta da nauyin da za ta shanye shurinta, sai ta zuba miki shi a hannu. Maza ma kuka suke da ita, ba sa faɗa ne."

Ta farko ƙotarta ta yi kauri, yatsa bai kai kunama ba. Ta biyu Odessa ta kasa jan bayanta ta ɗana. Ta uku tana da kyau, har da zane a jiki, amma maɓallinta na masu dama ne. Ta huɗu baƙa ce, siririya, ba ado ko ɗaya, ta fi ta Dwight tsawo da nauyi. Odessa ta rufe hannu a kanta, sai ta ji ta zauna kamar ƙotar tsohon ludayinta. Ta dafa bayan da tafin dama ta tura, ya tafi sumul.

"Kada ki ce komai tukuna," in ji Wanda. "Riƙo daban, harbi daban."

Ta sa mata abin toshe kunne, ta gyara mata tsayuwa, ta koya mata inda yatsa yake zama har sai an yi niyyar harbi. Sannan ta ba ta harsashi ɗaya tak. Odessa ta yi saiti a farar takardar da ke taku bakwai. Ta ja.

Bindigar ta ɗan ɗaga kai ta koma. A gefen takardar, can ƙasa, ga 'yar huda, rana tana leƙowa ta ciki.

"Ni na yi wannan?"

"A'a, maraƙin ne. Ga wani, sake."

Kafin azahar hudojin sun fara matsowa kusa da juna. Daga nan aka koma neman kube. Wanda ta ɗaura mata ɗaya a ƙugun hagu a ƙarƙashin rigar, ta sa ta zauna a mota, ta sunkuya kamar za ta ɗauki kwano, ta miƙa hannu kamar za ta sauko da gwangwani daga kanta. Kube biyu suka nuna ta cikin rigar, ɗaya ya soke ta a haƙarƙari. Na huɗun ya ɓace a ƙarƙashin rigar.

Odessa ta cika takarda, aka buga waya aka bincika sunanta, ta biya. Wanda ta ɗora mata 'yar kwalbar barkonon fesawa a kai.

"Wannan shi ne na farko. Yawancin karnuka shi ya ishe su, ai ba su suka yar da kansu ba. Bindigar kuwa ta ƙarshe ce, kuma ina fata ta tsufa a kubenta. Akwai ajin masu neman takardar izini ranar Asabar. Bayan shi ki riƙa zuwa duk mako ki harba, in ba haka ba in zo har gida in ƙwace abata."

"Bakinki ya yi yawa, Wanda."

"Haka mazana uku suka ce."

Sai da aka yi mako shida takardar izini ta iso. Dwight ya zo a ƙarshen wannan makon, ya rungume ta a ƙofa, ya zauna a kicin ya yi kusan awa yana yabon Tulsa: asibiti kusa, coci kusa, jikoki. Ta bar shi ya gama, sannan ta tura masa katin izinin a kan tebur.

Ya juya shi gaba da baya. "Kati ba harbi ba ne, Mama. Ina bindigar?"

"Tana jikina tun da ka shigo. Har rungume ni ka yi."

Ya zaro ido, ya dube ta sama da ƙasa, bai ga komai ba sai rigar babansa.

Tare suka je filin Wanda. Ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Ta harba goma. Da aka ciro takardar, ya ɗora tafinsa a kai, ya rufe tara. Amma ba takardar yake kallo ba.

"Mama, da hagu kika harba."

"Na sani."

"Shekarata arba'in da huɗu, ban taɓa sanin ke bahaguwa ba ce."

"Ni ma kwanan nan aka gaya mini."

Ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙi ne. Daga nan ya fita waje ya kira shugabar matan coci. Ta taga Odessa ta ji yana cewa a ƙara kaza a kwanon Hollis, ya ji an ce tsohon ya rame.

Ranar Talata ta loda kwano tara. Hanyar ta ƙara lalacewa, ruwa ya ci gefenta, ciyawa ta fito a tsakiya. Tun tana gangaren ƙarshe Hollis ya gane ƙarar motar. Ta tarar da shi a tsaye a baranda, ya sa riga mai maɓalli, amma ya tsallake ɗaya.

Ta duba dama da hagu kafin ta buɗe ƙofa, ta sauko.

"Kin makara, Odessa," in ji shi.

"Da minti nawa?"

"Da mako takwas. Wa ya dafa waken yau? In Loretta ce, ki mayar mata, gishirinta zai kashe ni."

"Loretta ce. Matsa in wuce, kuma sai ka cinye."