Akwatin Gawar Gideon Tolliver

A garinmu da ke jihar Jojiya, idan mutum ya mutu, danginsa sukan sari kara a bakin rafi, su auna tsawon mamacin da shi, su kawo min. Ni ne Ozias kafinta, shekara ashirin ina yi wa baƙar fata da fara akwatin gawa. Kara bai taɓa ba ni tsoro ba sai wata Laraba a 1870.

Da hantsi Turawa biyu suka tsaya a ƙofar shagona, ko saukowa daga dawakai ba su yi ba. Babban, mai jan gemu, ya jefo min kara.

"Kawu, ga awo. Kafin Asabar muke so."

Na cire hula. "Ayya, yallaɓai. Wa aka rasa?"

"Ba a rasa ba tukuna," in ji shi. Ƙaramin ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai dai yi aikinka. In bakin nan naka ya buɗe, ban san wa zai yi maka naka akwatin ba."

Da suka tafi na jingina karan da bango. Ya ɗara ni da kamu guda. Duk yankinmu mutum ɗaya ne mai wannan tsawo, Gideon Tolliver, wakilinmu a majalisar jiha.

A gona ɗaya aka haife mu bayi. Shi ya koyi karatu a ɓoye, ya sha bulala a kai, ya gudu ya shiga soja, ya dawo da 'yanci da taurin kan da ya tafi da shi. Da muka zaɓe shi ya samo mana makaranta, ya kuma kafe sai da aka hana masu gona korar ma'aikaci kafin a raba auduga. Ranar Asabar zai yi wa jama'a jawabi a ƙofar kotu.

Gidansa tafiyar minti goma ne. Sau uku ina ɗaura takalmi, sau uku ina hango wani Bature a kan doki a tsallaken hanya yana shan lofe.

"Ozias, ka je ka gaya masa!" in ji matata Dilsey.

"In je, ke ki riƙe yara huɗu ke kaɗai?"

"Kai dai matsoraci ne."

Ba ta yi ƙarya ba. Sai na ƙirƙiro wa kaina dabarar banza: zan haɗa akwatin amma ba zan yi murfi ba, wai muddin aikin bai kammala ba, ba abin da zai same shi.

Ranar Alhamis sai ga Gideon da kansa, ya sunkuya ya shigo shagon, ya tsaya yana kallon akwatin.

"Ɗan'uwa Ozias, ashe akwai wanda ya kamo ni a tsawo ban sani ba? Ai da na nemi ƙuri'arsa kafin ya tafi!"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai dokin tsallaken hanya ya yi haniniya.

"Baƙo ne," na ce. "Daga ƙetaren kogi."

Ya dafa kafaɗata. "Ka zo ranar Asabar, kada ka noƙe kamar yadda ka saba."

Ban je ba. Da tsakar rana na ji harbi uku, sai ihu, sai gudun dawakai. Na zauna a ƙasa cikin garin katako.

Da yamma matarsa Keziah ta shigo, jini ya bushe a gaban rigarta, tana riƙe da kara ɗanye. Za ta miƙo min sai idonta ya faɗa kan akwatin. Ta sa karanta a ciki, ya zauna daram. Ta shafa katakon, ta ji yadda aka goge shi sumul.

"Ozias," ta ce a hankali, "yaushe ka fara wannan?"

Na duƙar da kai. "Laraba, 'yar'uwa."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauke karanta.

"Riƙe abinka. A bargo za mu binne shi."