A Nan Babu Gyara

Ina wanke acca ranar da labarin ya zo. Asabar ce. Mijina Dalyop ya ce idan ya dawo daga Birmingham gwaten acca yake so, da yakuwa da yawa, shi ya sa na zauna a kicin ina rairaye yashi. Aka buga ƙofa. 'Yan sanda biyu ne, mace da namiji, sun cire hula. Turancina na sharar ofis ne, amma wannan ba sai an fassara mini ba. Shalom, 'yarmu, ita ta fito daga ɗaki ta ji sauran. Ta juyo ta ce mini da Hausarta mai karkacewa, "Mama, bindiga ta fashe a hannun Daddy." Ƙarfe ya shige shi a wuya. Kafin a isa asibiti ya cika. Na tuna na tsaya ina kallon hannuna, acca ta manne a yatsuna, na rasa inda zan goge.

Mijina direban bas ne a Manchester, amma ɗan maharbi ne. Mahaifinsa ya yi suna a ƙauyensu, bayan Riyom. A ƙasar nan ba a ɗaukar bindiga a shiga daji haka kawai, don haka ya shiga kulob na masu harbin allo. Ya bi kowace ƙa'ida. Ya samu lasisi, ya kafa akwatin ƙarfe a bango, 'yan sanda suka zo suka duba. Harsashin kanti yana da tsada, sai ya koyi sake cika kwanson da kansa, kamar yadda da yawa a kulob ɗin suke yi. Abin da ya rage masa shi ne ma'aunin albarushi.

Ban taɓa ganin mutum ya wahalar da kansa a kan sayen abu kamar wannan ba. Ya duba a waya, ya tambayi tsofaffin kulob, ya je ya taɓa na wannan, ya murɗa na wancan. Akwai mai amfani da lantarki, mai ɗan gilashi da ke nuna lamba, wanda ya fi ƙarfin aljihunmu. Akwai kuma na hannu, mai kwalbar roba a sama da mariƙi a gefe. Kullum a kan abinci maganar ke nan.

Na ce, "Baban Shalom, ko ni da za ka aura ba ka yi wannan bincike ba."

Ya ce, "Ke ai ba kya fashewa."

Na ce, "Gwada ni ka gani."

A ƙarshe na hannun ya saya, mai sauƙin kuɗi. Ya ɗaure shi a bakin tebur a ɗan ɗakin baya, ya wuni yana gwaji. Ya murɗa, ya ɗora a sikeli, ya duba, ya mayar, ya sake murɗawa. Ya ce shi ba ƙyalli yake nema ba, abin da zai ba shi awo ɗaya yau da gobe yake nema. Ni na sayar da acca a kasuwar Bukuru kafin mu zo, na san mudu. Na leƙa ta ƙofa na tsokane shi, "Mai awo, ba ɗan gyara?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗago ya ce, "Maman Shalom, a nan babu gyara. Ko ƙwaya ɗaya."

Jeremiah, Baban Ethan, ne ya yi dariyar. Ɗan garinsu ne, dattijo a cocinsu na Birmingham, yana da kantin kayan abincin gida a Sparkhill. Shi ma yana da lasisi, kuma shi mai lantarkin ya saya. Ranar da ya ga na Dalyop ya riƙe ciki. "Wannan na niƙan barkono ne? Dalyop, ka daina kunyata 'yan Filato." Tare suke zuwa harbi wasu Asabar ɗin. Tare suke ranar da abin ya faru.

A zaman makoki flat ɗinmu na Old Trafford ya cika har matakala. Jeremiah ya zo, ya zauna a kujerar mijina. Aka ba shi shinkafa. Da cokali a hannu, da maiƙo a leɓe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na gaya masa. Allah shaida, na gaya masa. Na ce Dalyop, don't go cheap, abin nan rai ne. Bai ji ba. Ya je ya sayo ma'aunin arha. To, ga shi."

Ya girgiza kai, ya kai wani cokalin baki.

Maganar ta bi gari. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma ina jin ta idan na juya baya. Rebecca, wadda muke zumuntar mata tare, ta kama hannuna bayan sujada ta ce, "Sannu da haƙuri, Maman Shalom. Maza ke nan, ba sa jin shawara." Har na ji an ce wani ya yi misali da shi a taron maza, a kan rowa. Mutumin da ya ɗauki rabin mutanen cocin nan daga filin jirgi a motarsa, bai taɓa karɓar ko na mai ba, shi ya zama misalin rowa.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da na kasa shi ne Shalom. Wata yarinya a coci ta ce mata babanki don tsimi ya mutu ya bar ku. Ta daina zuwa coci. Ta cire hotonsa daga fuskar wayarta. Wata rana da safe tana ɗaura takalmi, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Mama, mu ba mu kai ya sayi mai kyau ba?" Ni ma a lokacin ban sani ba.

Bayan watanni aka kira zaman binciken mutuwa a Birmingham. Shalom ta ce ba za ta ba, ba ta son ta sake jin maganar da Turanci. Ranar aiki ce, mutanenmu ba wanda ya zo sai Jeremiah da aka kira shaida. An ba ni tafinta, wata 'yar Kano mai karatu a jami'a, sunanta Umaima. Ta zauna kusa da ni tana raɗa mini.

Wani masanin bindiga ya tashi. Ya ce sun gwada ma'aunin Dalyop sau da yawa, awonsa bai canza ba. Sun buɗe harsasan da suka ɗauka a gidanmu, kowanne daidai. Wanda ya fashe ba nasa ba ne. Nasa sun ƙare a ranar, Jeremiah ya ba shi daga akwatinsa, kuma na akwatin nan an cika su fiye da ƙima.

Aka tambayi Jeremiah. Muryar da ta cika falona ta koma kamar ta yaro. Ya ce injinsa yana auna masa daidai, amma shi yakan ɗan yi wani abu daga baya da hannu, don harbin ya yi ƙarfi. Umaima ta tsaya tana neman kalma. Ta dube ni, ta dube shi, sannan ta ce a hankali, "Mama, wai yakan ɗan yi gyara."

Na tashi na fita waje.

An karɓe lasisinsa. Ni kuma daga baya aka dawo mini da ma'aunin a cikin leda, babu komai a ciki. Na gaya wa Shalom abin da na ji. Ta ce, "Ke dai kina so ki kare shi ne." Ba laifinta ba ne, domin Jeremiah ya riga ya koma yana gaya wa mutane cewa Turawa sun dagula magana, sun ɗora wa baƙin mutum laifi don su rufe fayil. Kuma ana sauraronsa. Shi dattijo ne, ni mai shara ce.

Ana saura kaɗan Kirsimeti na ce wa Shalom ta raka ni sayayya. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ma'aunin yana cikin jakata. Na san a irin wannan lokaci matanmu daga ko'ina suke cika kantin Jeremiah, domin shi kaɗai ke kawo acca mai kyau, kuma yana ajiye mudun gida don a ji kamar ana Bukuru. Rebecca ma tana wurin da kwandonta.

Da ya gan ni ya washe baki. "Maman Shalom! Sannu da hanya. Yaya haƙuri?"

Na ce, "Acca mudu ɗaya, Baban Ethan."

Ya cika mudu har ya yi tozo, ya juye a leda. Sannan hannunsa ya koma buhu da kansa, ya ɗebo, ya watsa a kai. "Ga gyara. Kin san hannuna ba ya rowa."

Na ce, "Kwashe."

"Me?"

"Kwashe gyaran. Na ga inda gyaranka yake kai mutum."

Na fito da ma'aunin na ɗora a kan kanta, kusa da kwalaben manja.

Ya rage murya. "Haba, Maman Shalom, ba a nan ba. Mu shiga ciki mu yi magana kamar 'yan'uwa."

"A nan. Kai a falona ka faɗi taka, cikin mutane, da shinkafata a bakinka. Ga 'yarsa nan. Gaya mata harsashin wa babanta ya harba."

Ya dubi matan, ya dubi ƙofa. Ya ce an riga an gama wannan magana a gaban hukuma. Na ce shi ya sa ba za ta yi masa wuyar maimaitawa ba. Rebecca ta ajiye kwandonta ta ce, "Baban Ethan, tambaya aka yi maka."

Ya ce, "Taimako na yi. Nasa sun ƙare, na ba shi nawa. Kyauta ma na ba shi."

Shalom ta ce, "Uncle, ka ƙara a ciki?"

"Ɗan kaɗan ne. Ni na daɗe ina harba su, ba abin da ya same ni."

Ko a nan bai ce a yi haƙuri ba. Abin da ya biyo baya shi ne, in ɗauki accar, ya bar mini. Na bar masa ita a kan kanta, da gyaranta.

Shalom ce ta ɗauki ma'aunin. Ba ta mayar da shi jaka ba. Ta rungume shi a ƙirji tun daga bakin kantin a Stratford Road har cikin jirgi, mutane suna kallonta. Muka wuce rabin hanya. Ta ce, "Yaya yake yi da shi?" Na nuna mata yadda yake murɗa mariƙin, yadda yake karkata kai ya duba sikeli. Ta yi kuka har tashar Piccadilly a Manchester. Washegari na ga hoton ya dawo fuskar wayarta.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Akwai waɗanda har yanzu suke cewa na tozarta dattijo a gaban mata, kuma a lokacin biki. Jeremiah yana nan yana karanta sanarwa a cocinsu. Rebecca ta zo gida ta ba ni haƙuri, na karɓa, amma ban koma zumunta ba tukuna. Idan aka fara waƙa nakan tuna bakunan nan da abin da suka tauna.

Ma'aunin na mayar da shi bakin teburin ɗakin baya, inda alamar ɗaurinsa take. Kowace safiya kafin in fita aiki nakan goge masa ƙura da gefen zanena, in murɗa mariƙin sau ɗaya. Ba abin da ke fitowa. Yakan yi 'yar ƙara, ƙas, sai in ja ƙofar.