Hanyar Faten Laras

Tukunya ta biyu ce ta kama. Wagiman ya tsaya yana kallon hayaƙi na fita ta tagar kicin, bai kashe wutar ba sai da maƙwabciyarsa Yu Darmi ta leƙo ta tambaye shi ko taya yake ƙonawa.

Ta farkon ba ƙonewa ta yi ba. Gidan cike yake da shinkafar da mata suka kawo ta'aziyya, roba-roba har ƙarƙashin gado, shi kuma ya ɗebi wadda hannunsa ya fara taɓawa. Ashe mai danƙo ce, ragowar sadakar bakwai. Ta dahu ta dunƙule. Ya soka cokali, cokalin ya tsaya cak a tsakiya. Ya daɗe yana jiran ya faɗi, bai faɗi ba.

Kwana tara ke nan da rasuwar matarsa Sumini. 'Yarsu Laras, mai wata goma sha huɗu, ta daina karɓar komai sai ruwan dafa shinkafa, har ƙashin wuyanta ya fito. Surukarsa Mbah Ngatinem tana zaune a falo da jakarta a ɗaure. Ta riga ta gaya masa, in yarinyar ba ta ci rabin kwano kafin motar azahar ba, da ita za ta koma garinsu Wonosobo. Ba da faɗa ta ce ba. Shi ma ya ce to.

Ya ɗora ta uku, yana bin takardar da aka ba Sumini wurin awon yara: shinkafa, hantar kaza, karas, alayyafo. Ya kunna injin markaɗe bai rufe ba, ganyen ya fantsama har silin. Tsaka biyu suka fito suna lasa. Ya kankare abin da ya rage ya zuba. Wannan karon faten ya yi, ba ruwa ba, ba tuwo ba.

Ya zaunar da Laras a tabarma. Ta dubi cokalin, ta datse baki, ta kau da kai. Sau shida.

"Kai Giman, a zaune kake ba ta?" in ji Yu Darmi daga bakin ƙofa. "Baƙuwa ka yi? Yaushe ka taɓa ganin ɗan lungun nan ya ci abinci a zaune?"

Bai taɓa gani ba, a zaune ko a tsaye. Kafin ƙarfe shida yake fita acaɓa. Yu Darmi ta ciro zane daga igiyar shanyarta, ta rataya masa a kafaɗa, ta cusa yarinyar a kwiɓinsa, ta ɗora masa kwano a hannu. Ta ce Sumini a tafe take ba ta, daga ƙofa take farawa ta yi hagu. Sauran ya tambayi mutane.

Bai ma tambaya ba. Tsoho Pak Harjo ya sauko da kejin kurciyarsa ya ce nan cokali biyu ne, amma sai tsuntsuwar ta yi kuka. Suka jira. Ta yi kuka, Laras ta buɗe baki. Wagiman ya kalli cokalin da ya fito fanko, bai ji komai ba sai zafin kwano a tafinsa.

Tela ya taka kekensa ba tufa a kai, cokali ɗaya. Wata akuya mai kunne guda, cokali uku. A bakin rijiya mata suka ce zanen ya fi yi masa kyau a kan Darmi, wata ta gyara masa ƙullin tana share ido. Kowa ya san rabonsa na cokula. Shi kaɗai ne baƙo a hanyar.

A bakin titi lungun ya ƙare. Laras ta rufe baki ta miƙe wuya tana duban dama. Mai sayar da soyayyiyar ayaba ta ce nan ne na ƙarshe.

"Kullum kana wucewa da fasinja wajen takwas. Sai uwar ta ce ga Baba can, ita kuma ta hangame."

"Ban taɓa ganinsu ba."

"Ai da gudu kake wucewa."

Ya ji takun mutum a bayansa. Mbah Ngatinem ce, da jakarta. Ta leƙa kwanon, ta lakaci kaɗan ta ɗanɗana.

"Hantar ta yi yawa, Giman. Gobe ka rage."

Ta tsallaka titi ita kaɗai ta tsaya inda motar Wonosobo ke tsayawa.

Laras ba ta kalle ta ba. Idonta na kan babura, tana bin kowanne har ya ɓace. Wagiman ya cika cokali ya riƙe kusa da bakinta, suka tsaya su biyu suna jiran Baba ya wuce.